Binciken Zariya Bai Iso Rano Ba

Iyaye a Rano da Kibiya ba su manta da bazarar 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Amma malamanmu nawa suka san Likita Brian Greenwood, Baturen Ingila da ya shekara 10 a Zariya, tun daga 1970, yana binciken garkuwar jiki? A 1978 shi da abokin aikinsa suka nuna cewa allurar sanƙarau ba ta kama yaro mai zazzaɓin cizon sauro sosai. Masanan duniya suna ta ambaton takardunsa, mu kuwa da aka yi aikin a ƙofar gidanmu, shiru. Muna roƙon hukuma ta sa wannan cikin darasin kiwon lafiya na kwalejojin horon malamai, domin ranar allura malamin ƙauye iyaye ke tambaya.