Raddi Ga Mai Cewa Ganye Ba Ya Ƙara Kwana

Wani malami da nake girmamawa ya yi magana a majalisarmu ta Bici bayan la'asar. Ya ce zancen likitoci na cewa abincin tsiro yana taimaka wa tsawon rai tatsuniyar Turawa ce. Hujjoji uku ya kawo. Allah gafarta Malam, a yi mini haƙuri, ga amsa.

Ya ce mutumin ƙauye ba ya ganin nama sai Babbar Sallah ko ranar suna, kullum tuwo da miyar kuka, to me ya hana shi fin attajirin birni daɗewa? Na ce an haɗa abu biyu da ba danginsu ɗaya ba. Abin da ke ja da ƙididdigar shekarunmu ƙasa shi ne mutuwar ƙananan yara da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda, da mutuwar mata a kan gwiwa. Yaron da ya rasu yana shekara biyu ba kuka ce ta kashe shi ba. Yunwar tsakiyar damina kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, rashi ce, ba zaɓi ba.

Hujja ta biyu ita ce mai ƙarfi, shi ya sa zan daɗe a kanta. Ya ce sukari daga rake yake, fulawa daga alkama, farar shinkafa daga fadama, duk tsiro ne, amma ga ciwon sukari da hawan jini sun shigo har ƙauyuka. Malam, wannan ai hujjata ce ka ara. Masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka sun bi mutum sama da 200,000 shekara da shekaru, suka fitar da sakamako a 2017. Masu cin hatsi da dusarsa, da wake, da ganye, da 'ya'yan itace, haɗarin ciwon zuciya ya ragu musu da kashi 25 cikin ɗari. Masu cin tsiron da aka tace, da kayan zaƙi da lemon kwalba, nasu ya ƙaru da kashi 32. A 2019 suka ga irin wannan bambanci a yawan mace-mace ma.

Je ka teburin mai shayi da safe. Saurayi zai ci Indomie biyu da burodi, ya kora da shayin da cokali ya kusa tsayuwa a ciki don sukari. Bai taɓa nama ba. Kakarsa kuwa ɗanwake ta ci mai kuka, da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da dare tuwon dawa da miyar daddawa. Su biyun masu cin tsiro ne a lissafin Malam!

Ko a gida, kalli surfe. Ana sheƙe dusa a zuba wa akuya, mu ci farin. A shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya ga kajinsa a tsibirin Java suna shanyewa da aka ba su gogaggiyar shinkafa, suka miƙe da aka mayar musu da mai dusa. Akuyoyinmu dai ba su yi asara ba.

Na yarda da Malam a wuri biyu. Sinadarin B12 ba ya samuwa a gero da ganye, don haka nono da ƙwai da kifi ba abin yarwa ba ne. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuma gubarta na iya jawo sankarar hanta, ko da a gonarka ka tone ta.

Hujja ta uku, ya ce ajali na Allah ne. Haka yake, ba wanda ya musa. Amma bara da zazzaɓi ya kama Malam, da kansa ya aiki ɗansa kemis, kuma ni na ara masa babur.