Ra'ayinmu: A bar mai saye ya faɗi gaskiya, a daina sayen yabo

Shekaru 25 da suka wuce, idan ɗan kasuwa ya sayar wa mutum atamfa mai zuba, ko kamfani ya cika kantuna da sabulu maras kumfa, kukan mai saye ba ya wuce zauren gidansa da majalisar abokansa. Mai kuɗin talla shi ke da rediyo da talabijin da allunan bakin titi, shi ke magana, jama'a na saurare. Yau al'amarin ya juya. Matar da aka aiko wa leshi ba irin wanda ta gani a hoto ba, za ta ɗauki hotonsa ta ɗora a Facebook ko TikTok bayan Azahar, kafin Magariba dubban mutane sun gani, wasu ma sun ƙara da nasu labarin. Wannan jarida tana ganin sauyin alheri ne ga kasuwa. Tana kuma ganin alherin yana cikin haɗari ta fuska biyu: ana sayen yabo da kuɗi, ana toshe bakin mai ƙorafi da barazana.

Abin bai zo dare ɗaya ba. A 2005 wani ɗan jarida a Amurka, Jeff Jarvis, ya riƙa rubutawa a shafinsa na intanet irin wahalar da ya ce ya sha da kwamfutar Dell da ya saya, da yadda ya kasa samun mai share masa hawaye a kamfanin. Masu irin matsalarsa suka yi ta zuwa suna zayyana nasu, har maganar ta kai manyan jaridu. A shekarar da ta biyo baya Dell ya buɗe shafinsa na yin magana da kwastomomi kai tsaye. A wancan zamani ne aka kafa dandalan da muke amfani da su yanzu: Facebook a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010. Manyan kamfanonin duniya suka gane cewa abin da masu saye ke gaya wa junansu ya fi duk tallan da za a biya tasiri, sai suka ɗauki ma'aikata na musamman don sauraron abin da ake faɗa a kansu da mayar da amsa.

A nan Najeriya wayar salula ta shigo a 2001, Facebook ya fara aiki da Hausa a 2016. Amma abin da ya buɗe wa talakanmu ƙofa sosai shi ne saƙon murya da bidiyo, domin da su wanda bai yi boko ba ma yana tallata hajarsa, yana tayawa, yana sallamawa. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya ƙarasa sauran aikin, ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai kayan miya karɓar tiransifa.

Ribar da Arewa ta samu a bayyane take. Matan aure da a da sai sun ɗora wa 'ya'yansu tire sun tura su talla, yau da yawansu daga ɗakunansu suke sayar da turaren wuta da humra da abaya da kayan kicin da dambun nama, ta hanyar sitatus ɗin WhatsApp da shafin Instagram. Yaron shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Farm Centre da ke Kano yana ɗaukar bidiyon sabbin kaya da safe, da yamma ya kai ɗauri tasha a ba direban Maiduguri ko Sakkwato ko Maraɗi. Tela a Zariya yana ɗinka wa wanda bai taɓa gani ba a Legas. Ba a buƙatar kuɗin hayar shago a bakin titi, ba a buƙatar kuɗin talla a gidan rediyo. Waya da data da amana su ne jarin.

Amana ce kuwa ginshiƙin abin duka. Wanda ya shiga kasuwa da ƙafarsa yana taɓa yadi, yana shinshina turare, yana kunna waya ya ga ko tana aiki. Mai saye ta intanet ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuɗinsa yake turawa ga wanda bai sani ba, a kan hoto da alƙawari. Abin da ya rage masa ya dogara da shi shi ne shaidar waɗanda suka riga shi saye. Shi ya sa 'yan kasuwar intanet ke ɗora hoton saƙonnin godiya daga kwastomomi, shi ya sa mai niyyar saye ke fara duba abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin talla kafin ya tambayi farashi. Idan wannan shaida ta gurɓace, kasuwar ce gaba ɗaya ta gurɓace, na kirki da na banza duk su sha.

Gurɓatawar ta riga ta fara. Ana sayen mabiya na bogi don shafi ya yi kama da na babban ɗan kasuwa. Ana rubuta wa kai saƙon godiya da wata waya, a ɗauki hotonsa a ce na kwastoma ne. Ana goge duk wani ƙorafi, a toshe mai shi. Mafi girma a cikinsu shi ne tallan da ake saka wa rigar shawara: wani mai ɗimbin mabiya, ko jarumin fim, ko mai barkwanci, zai fito ya ce ya gwada kaza ya ji daɗinsa, alhali an biya shi, wataƙila ma bai taɓa buɗe kwalbar ba. Ba mu ga laifin karɓar kuɗin talla ba, sana'a ce halattacciya. Laifin yana cikin ɓoyewa. A kasuwar shanu kowa ya san dillali, kowa ya san yana da la'ada, saboda haka mai saye yana auna maganarsa da wannan sanin. Wanda shari'ar Musulunci ta haramta aikinsa shi ne mai najashi, wato wanda zai shigo kamar mai saye ya ƙara tayi don kawai a ruɗi na gaske. Mai yabon da aka biya wanda ya fito a matsayin kwastoma, aikinsu ɗaya.

Da a ce ɓarnar ta tsaya ga takalmi da jaka, da da sauƙi. Shafukan Hausa cike suke da tallan maganin ƙiba da na rage tumbi, da kayan mata, da man bilicin, da haɗe-haɗen da ake cewa suna warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a lokaci guda. Da yawa ba su da lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, ba a san abin da aka zuba a ciki ba, ba a san inda aka haɗa su ba. Doka ta ce ko maganin da ke da rajista ba a tallata shi sai da izinin hukumar, amma a TikTok kowa likita ne. Haka batun zuba jari. MMM ya tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ya rufe a watan Afrilun 2025 da dukiyar dubban 'yan Najeriya. Dukansu ta bakin mutane suka yaɗu: ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa, aboki ya nuna hoton alat a zauren WhatsApp, saboda an yi masa alƙawarin kaso a kan duk wanda ya kawo.

Haɗari na biyu ya fi tayar mana da hankali, domin hannun hukuma na ciki. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa ta sayi tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ta ji zaƙinsa ya yi yawa, ta tambayi mabiyanta ra'ayinsu. Muhawara ta ɓarke a ƙarƙashin rubutun. Cikin kwanaki 'yan sanda suka kama ta, aka kai ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, kamfanin kuma ya shigar da ƙarar neman diyyar Naira biliyan 5. Kamfanin ya ce maganganunta sun wuce ra'ayi, sun zama ƙazafin da ya jawo masa asara. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci tsakaninsu, wannan na alƙali ne. Abin da ya dame mu shi ne darasin da miliyoyin masu saye suka ɗauka: ka yi ƙorafi a kan kayan mai ƙarfi, kana iya kwana a ofishin 'yan sanda. Irin wannan yana faruwa a ƙananan matakai ba tare da ya shiga jarida ba, inda mai kanti ko mai gidan abinci zai kai ƙarar kwastoma, a kira shi, a sa shi ya goge rubutunsa ya nemi afuwa a bidiyo.

Kamfani yana da haƙƙin kare sunansa, kuma gaskiya ne akwai masu ɓata suna don hassada, akwai masu yi wa ɗan kasuwa barazanar tona asiri don su tatse shi. Hanyar ramawa a kan waɗannan a buɗe take: ƙarar ɓata suna a kotu, inda kowa zai kawo hujjarsa. Saɓanin mai saye da mai sayarwa a kan ɗanɗano ko inganci ba aikin ankwa ba ne. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana fakewa da shi, kotun ECOWAS ta riga ta ce ya ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma a 2024 Majalisar Tarayya ta gyara shi ta taƙaita abin da ya shafa. Ya kamata gyaran ya sauka daga takarda ya isa teburin kowane DPO.

Wasu ƙasashe sun daɗe da fuskantar matsalar. Tun 2009 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta wajabta wa masu rubutu a intanet su bayyana idan an biya su ko an ba su kyauta kafin su yabi kaya, kuma a 2024 ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da shaidar ƙarya. Birtaniya ma ta yi doka irin wannan a 2024. Mu ma ba dokoki muka rasa ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC. Akwai dokar 2022 da ta kafa ARCON ta ba ta ikon tantance talla har da na kafafen sada zumunta. FCCPC ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 a 2024. Amma matar da aka damfara Naira 30,000 a kan kayan sallar 'ya'yanta a Gusau ko Azare ba ta san da hukumar ba, balle hanyar kai mata kuka.

Saboda haka muke kira ga Sufeto Janar na 'Yan Sanda da ya ba da umarni a rubuce cewa ba a kama mutum don ya faɗi ra'ayinsa a kan kayan da ya saya da kuɗinsa, a tura irin wannan saɓani ga FCCPC ko kotu. Ita FCCPC ta buɗe layin karɓar ƙorafi ta WhatsApp da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, wanda zai karɓi saƙon murya, ta kuma sanar da shi a gidajen rediyo. ARCON ta sauƙaƙa ƙa'idarta ga ƙananan 'yan kasuwa, kada kuɗin tantancewa ya kashe mai sayar da turare daga ɗakinta, ta mayar da ƙarfinta kan abu guda mai sauƙin ganewa: duk wanda aka biya ya yabi kaya, ya faɗa a farkon maganarsa, da harshen da yake tallan, cewa talla ce. NAFDAC ta bi masu tallan magunguna har shafukansu, ta haɗa da mashahuran da suka ara musu fuska.

Akwai abin da ba sai an jira gwamnati ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Sabon Gari da Singa a Kano da takwarorinsu a sauran birane sun daɗe suna sasanta rikicin ciniki a ofisoshinsu. Su faɗaɗa wannan aiki ya haɗa da cinikin waya, su yi rajistar 'ya'yansu masu sayarwa ta intanet, domin mai saye daga nesa ya san inda zai kai ƙara. Malamai su shigar da hukuncin algus da shaidar zur a cinikin intanet cikin wa'azinsu, domin matasa da yawa suna ɗaukar yabon ƙarya a matsayin dabarar kasuwa kawai. Jaruman Kannywood da sauran masu mabiya su tuna cewa yardar jama'a ce ake biyan su kuɗi a kanta, kuma ranar da maganin da suka tallata ya kwantar da wani a asibiti, sunansu za a fara kira.

Mai saye ma akwai nauyi a kansa. Wanda aka cuta ya fara tuntuɓar mai kayan, ya ba shi damar gyarawa. Idan ya ƙi, ya faɗi abin da ya faru daidai yadda ya faru, da hoto da shaidar biya, ba zagi ba ƙari. Wanda kuma ya samu kaya mai kyau a kan lokaci ya faɗa, domin ɗan kasuwa mai gaskiya ba shi da tallan da ya fi wannan.

Ɗan kasuwar da ya san kansa ba ya tsoron ƙorafi. Wanda ya amsa a bainar jama'a, ya canza kayan ko ya mayar da kuɗi, ya fi wanda ya goge ya toshe samun sabbin kwastomomi, domin masu kallo sun ga yadda zai yi da su ranar da aka samu matsala. Dubban gidaje a Arewa yanzu da wannan kasuwa suke ci, kuma za ta ɗore ne muddin mai saye yana iya yarda da abin da ɗan'uwansa mai saye ya gaya masa. Hukumomi su hukunta mai sayen yabo, su kare mai ƙorafin gaskiya.