Tsohuwar Mota da Zancen Inshora

Tun daga ranar 1 ga watan Fabrairu na shekarar 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Nijeriya ta fara matsa wa masu motoci lamba a kan takardar inshora a duk faɗin ƙasa, zancen inshora ya shiga bakin mutanen da a da ba su damu da shi ba. Duk ma'aikacin da ke barin Kano da sassafe ya nufi Bebeji ko Kiru, ko ya karya ta Kwanar Ɗangora ya miƙa Tudun Wada da Doguwa, ya san wuraren da ake tsayar da shi a ce ya kawo takardu. Galibin waɗannan ma'aikata kuwa, malaman makaranta ne da malaman asibiti da na gona, kuma motocinsu tsofaffi ne 'yan Kwatano, irin su Golf da Fijo 406, waɗanda sun ga jiya sun ga yau. Tambayar da suke yi ita ce: wace inshora ta dace da irin wannan mota, ƙaramar ko cikakkiyar?

Ƙaramar inshora, watau inshorar mutum na uku, ba zaɓi ba ce, tilas ce. Dokar da ta wajabta ta an yi ta tun cikin shekarar 1945, zamanin Turawa, kuma sabuwar dokar gyaran harkar inshora ta shekarar 2025 ta ci gaba da wajabta ta. Mai mota shi ne mutum na ɗaya, kamfani na biyu, na uku kuwa shi ne wanda tsautsayi ya ratsa da shi: mai babur, ko yaron da ke tsallaka titi, ko mai wata motar, ko makiyayin da aka buge wa saniya a dajin Falgore. Bisa farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta yanka daga ranar 1 ga Janairu 2023, mai motar shiga yana biyan N15,000 a shekara maimakon N5,000 na da, kamfani kuma ya ɗauki nauyin biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3, ban da diyyar rauni ko ta rai. Amma motarka kai, ko da ta zama kwanon awo, ba za a ba ka ko kwabo a kanta ba.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan ce ai motar ta tsufa, me za a yi wa inshora? Alhali kuwa tsufan mota ba ya rage ɓarnar da za ta yi wa wani. Tsohuwar Golf ɗin da birki ya kuɓuce mata a Kwanar Ɗangora ran kasuwa, in ta afka wa sabuwar motar wani attajiri, ba za a tambayi shekarunta ba, kuɗin gyara za a tambaya. Ma'aikacin da ba shi da inshorar gaskiya a irin wannan rana, gonar gado ce za ta tafi, ko kuwa ya shekara biyu albashinsa na zirarewa wajen biyan bashi.

Mun ce inshorar gaskiya domin akwai ta ƙarya, kuma ita ce ta fi yawo. Masu tsayawa a bakin ofisoshin lasin sun daɗe suna haɗa wa mutane takardu a dunƙule, a cikinsu har da wata 'yar takarda mai tambari da ake sayarwa da araha, wadda ba wani kamfani a bayanta. Araha ba ta ado. Mai irin wannan takarda ya biya kuɗi ya sayi iska, ga shi kuma ya karya doka. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun ajiyar sunayen motocin da aka yi wa inshora, kuma ana iya bincikawa ta wayar hannu a danna *565*11# a sa lambar mota. Duk wanda bai ga motarsa a ciki ba, to, ya san ba shi da kome, kuma bai ma kai ga zancen zaɓi tsakanin ƙarama da cikakkiya ba tukuna.

Cikakkiyar inshora ita ce ke ƙara biyan ɓarnar motarka kai kanka, da sata, da gobara. Hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Mu ɗauka an ƙiyasta motar malami a kan naira miliyan 4: kuɗin inshorarta N200,000 ke nan a kowace shekara. A jihar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan N71,000 cikin shekarar 2024, wannan ya kusa albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Ba kuma a nan lissafin ya tsaya ba. In an yi haɗari, akwai wani kaso na farko da mai mota zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu, don haka ƙananan ɓarna irin fashewar fitila ko lanƙwashewar bamba duk a wuyansa suke. Sa'an nan kamfani yakan rage wani abu saboda tsufa idan za a sa sabon ƙarfe a madadin tsoho. Mutumin da bakanikensa zai samo masa ƙofar Baljiyam a Ƙofar Ruwa cikin yini ɗaya, da wuya ya ga ribar cike takardu da neman rahoton 'yan sanda da jiran mai ƙiyasi ya zo daga birni.

To amma kada a yi saurin yanke hukunci. Tun da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira cikin watan Yuni, farashin motoci da kayan gyaransu ya yi tashin gwauron zabo. Motar da a da za a ce in ta mutu a sayi wata, yau ba ta da magaji. Saboda haka ba shekarun mota ne abin dubawa ba. Abin da mutum zai tambayi kansa shi ne, in an wayi gari babu ita, zai iya maye gurbinta? In ba zai iya ba, aikinsa zai tsaya? Malamin gona da ke zagaya ƙauyukan Doguwa har Riruwai, ko wanda ya sayi mota da rancen ƙungiyar ma'aikata bai gama biya ba, asararsa ba ɗaya ba ce da ta wanda motarsa ke kai shi masallacin Juma'a da gidan suna kurum. Na farkon, a ganinmu, ya cancanci ya daure ya yi cikakkiya, ko kuwa ya nemi ta tsakiya, wadda ke haɗa haƙƙin mutum na uku da sata da gobara a kan kuɗin da bai kai na cikakkiya ba. Na biyun, ƙaramar inshora ta gaskiya ta ishe shi, muddin zai riƙa ware wani abu kowane wata domin taya da birki, waɗanda su ne inshorar farko a kan hanyar Falgore.

Wanda ya zaɓi cikakkiya kuma, ya faɗi darajar motarsa ta yau, kada ya rage don a rage masa kuɗi. Ran biya, kamfani ba zai wuce adadin da aka rubuta ba, kuma yana iya rage diyya gwargwadon ragin da aka yi. Ya kuma tambaya ko ambaliya da tarzoma suna ciki, domin ba kowace takarda ce ta ƙunshe su ba.

Akwai wani abu da ba a son faɗi, amma dole mu faɗa. Tsadar mai ta sa ma'aikata da dama suna ɗaukar fasinja a hanyar zuwa aiki don su rage zafi. Ba mu ga laifin mai neman halali ba. Sai dai inshorar motar shiga ba ta rufe aikin haya, kuma kamfani yana da hujjar ƙin biya in ya tabbata cewa kuɗi aka karɓa. Mai yin kabu-kabu ya nemi inshorar motar haya, ko da ta fi tsada.

Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca, su ma an buɗe masu ƙofa. Hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful cikin shekarar 2013, kuma akwai kamfanonin da ke yin inshorar mota a kan wannan tsari na taimakekeniya, inda ake raba rarar da ta saura ga waɗanda suka zuba.

Sauran magana tana wuyan kamfanoni da hukuma. Ba daidai ba ne a tsare mutum a hanyar Tudun Wada a kan takardar da sai ya nemi ɗan kamasho ko ya je Kano kafin ya sami wanda zai yi masa bayaninta, kuma da Turancin da ko mai digiri sai ya yi gumi. Muna kira ga NAICOM da ta sa a fassara sharuɗɗan inshorar mota da Hausa, a kuma ajiye wakilai masu rajista a sakatariyoyin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda za su karɓi kuɗi, su kuma karɓi ƙorafi ran da aka zo neman diyya.