Rimot Ɗin Baba Da Akwatin Gem Ɗina

Maganar da na kawo yau wasu za su ce ta yara ce, amma ku ɗan yi haƙuri da ni, domin ta jawo musu mai zafi a majalisarmu a nan Idu, har wani maƙwabcinmu ya yi asarar kuɗinsa a kanta. Tambayar ita ce: shin rimot ɗin talabijin zai iya sarrafa na'urar gem irin ta da? Ni dai na ce zai iya, kuma ya dace a haɗa shi. Amma duk wanda ya ce maka rimot zai tsaya a madadin hannun gem, to ko dai bai taɓa buga Contra ba, ko kuwa akwai abin da yake son sayar maka.

A Maraɗi na taso. Can muna yara akwai wata baƙar na'ura 'yar China, kwaikwayon Famicom ɗin da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta 9999999 a jikinsa, alhali in ka bi a hankali wasannin 'yan kaɗan ne, maimaita su kawai ake yi. Super Mario Bros. na 1985, da Contra, da yaƙin tankoki, da harbin agwagwa. Can hannun gem "manet" muke ce masa, rimot kuma "telekomand". Sai da mahaifina ya dawo da sana'arsa kasuwar Karmo muka tare a Idu, ba nisa da tashar jirgin ƙasan da ya fara zuwa Rigasa ta Kaduna a 2016, sannan bakina ya saba da "pad" da "rimot".

Kewar waɗannan wasanni ce ta sa na sayi wata 'yar kwamfuta ta hannu mai suna Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, na zuba mata manhajar RetroPie da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin gem. To talabijin ɗaya ce a gidanmu, kuma kowa ya san rimot ɗinta a gefen Baba yake kwana.

Ga yadda abin yake aiki, don da yawa suna da shi a ɗaki ba su sani ba. Bakin wayar HDMI yana da 'yan haƙora 19, kuma na 13 an keɓe shi ne don na'urori su riƙa aika wa juna umarni. Sunan wannan tsari CEC, sai dai kowane kamfani ya laƙaba masa nasa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony BRAVIA Sync, Panasonic VIERA Link. In ka kunna shi a saitin talabijin, kana danna kibiyar rimot sai talabijin ta miƙa saƙon ta cikin wayar zuwa ga Raspberry Pi. Manhajar kallo ta Kodi nan take take amsawa. RetroPie kuwa sai da na sa mata wani ɗan shiri da ke mai da dannawar rimot ta zama kamar an danna madannin kwamfuta. Kwana biyu na yi ina zargin kaina, ashe wayar HDMI ɗin ce mai arha, ba a ma haɗa zaren na 13 ba. Ina canza ta abu ya tashi. Don haka kafin ka zagi talabijin ɗinka, fara aro wayar maƙwabci.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Rimot haske yake aikawa wanda ido ba ya gani, kuma a yawancinsu saƙon maɓalli ɗaya kan ci kusan milisakan 70 kafin ya kammala. Shi kuma zaren CEC tafiyar hawainiya yake yi, an gina shi ne don kunnawa da kashewa da sauya tasha, saƙon maɓalli ɗaya ya kan ƙara cin wajen milisakan 75. Su kuwa waɗannan wasanni hoto 50 ko 60 suke zanawa a kowace daƙiƙa. Ka lissafa da kanka: kafin Mario ya ji cewa ka ce ya yi tsalle, hoto bakwai zuwa tara sun wuce, shi kuwa tuni yana cikin rami. Sannan rimot maɓalli ɗaya yake aikawa a lokaci guda. A Mario kuwa sai ka danne dama, ka danne B don gudu, sannan ka taɓa A ka tsallake, uku a tare. Balle Street Fighter II ko Mortal Kombat, inda yatsu ke rawa kamar na makaɗin kalangu. Wannan ba matsalar saiti ba ce da za a ce wani gwani zai gyara, haka aka ƙera abin.

Abin da ya faɗa wa maƙwabcin namu ke nan. Ya je wani shago a cikin gari ya sayo wa 'ya'yansa akwatin talabijin mai ɗauke da tsofaffin wasanni, mai shagon ya rantse masa cewa ba sai da pad ba, rimot ya wadatar. Yara suka gwada dare ɗaya suka watsar, ya mayar aka ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Da kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai da ya sayi pad biyu masu bakin USB. Wallahi irin wannan ciniki yana ba ni haushi, ni da na tashi ina ganin mahaifina yana nuna wa mai saye aibin kaya kafin a yi ciniki.

Amma kuma abokaina da ke cewa haɗa rimot ɓata lokaci ne, su ma ban bi su ba. Suna mance cewa ba kowa ne a gida ya tashi da pad a hannu ba. Ka miƙa wa dattijo pad mai maɓalli goma sha, zai juya shi ya dawo maka da abinka. Rimot kuwa babu mai tsoronsa, daga Inna har autarmu. Su kansu manyan kamfanoni sun san haka. Philips sun fitar da CD-i a 1991 da hannu mai siffar rimot, abin bai karɓu ba. Nintendo suka zo da Wii a 2006, su ma suka yi hannunsu kamar rimot don ya jawo waɗanda ba 'yan gem ba, sai dai nasu da Bluetooth yake magana da na'urar, ba jinkiri irin na rimot ɗin talabijin, suka sayar da sama da miliyan 100. Ko dikodar tauraron ɗan'adam da yawancinmu muka sani, ai akwai masu zuwa da Tetris da wasan maciji a ciki, da rimot ake buga su, ba wanda ya yi ƙorafi, saboda wasanni ne na maɓalli ɗaya bayan ɗaya.

To irin wannan aikin na ba rimot a gidanmu. Da shi ake shiga jerin wasanni a zaɓa, da shi ake fita a koma tashar labarai ba tare da an taso ni daga barci ba, kuma pad ɗina suna ɓoye a jaka sai ranar da za mu yi Contra ni da ƙanena.

Ran nan da dare na dawo daga kasuwa an kawo wuta, na tarar da Baba zaune a kan dardumarsa, tabarau a hanci, yana jera tubalan Tetris da rimot. Wasan da wani ɗan Rasha mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira tun 1984, shi kuwa Baba cewa ya yi ai lodin mota ne, in ka bar gurbi a ƙasa sai kaya su zube. Na ce, "Baba, in kawo muku pad? In tubalan suka fara gudu rimot ba zai bi su ba." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kai dai matsa can, ka tsaya mini a gaban talabijin."