Zancen Akawu: Mota Guda, Suna Barkatai



Tun da samarinmu da ke ci-rani a Italiya da Jamus da Holan suka fara aiko wa gida motocin kaya ta tashar jirgin ruwa ta Tema, wata gardama ta shigo Zango wadda ba ta ƙarewa. Wannan ya ce tasa Fiat ce, ta Italiya, ita ce mai ƙarfi. Wancan ya ce tasa Peugeot ce, ta Faransa, ita ce mai kwana bisa hanya ba ta gaji ba. Na uku yana da Citroën, shi kuwa ya yi tagumi, domin an riga an gaya masa wai kayan gyaranta ba su samuwa a ƙasar nan. Alhali kuwa in aka jera motocin nan uku a rana, aka rufe tambarin da ke goshinsu da tafin hannu, ko mai su sai ya duba lamba kafin ya gane tasa. To, da yake kuɗin da ake zubawa cikin irin wannan mota gumin yaro ne na shekara da shekaru a ƙasar sanyi, kuma da ita ake sa ran ciyad da gida, mun ga ya kamata mu ba da filinmu na wannan karo ga tarihinta.

Motar da muke nufi ita ce ƙaramar motar kaya mai rufi, wadda ta fi a-kori-kura ciki amma ba ta kai lori ba. Abin da ya fi cin kuɗi wajen ƙera mota shi ne manyan injunan da ke buga ƙarfe su fid da ƙofa da rufi da gefe, gama kowace irin mota sai an yi mata nata ma'auni. Motar kaya kuwa ba a sayenta da yawa kamar ƙaramar motar shiga. Saboda haka in kamfani ɗaya ya ɗauki wannan nauyi shi kaɗai, ya daɗe bai mai da kuɗinsa ba. Wannan lissafi ne ya sa Fiat na Italiya da Citroën na Faransa suka yi tarayya suka fito da mota guda a 1974, wannan ya kira ta 242, wancan ya kira ta C35. Bayan shekara biyu, watau 1976, Peugeot ya gama haɗiye Citroën, sai tarayyar ta ƙara faɗi. A 1978 Fiat da Peugeot suka sa hannu suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna Sevel, kowa da rabi. Suka gina ma'aikata a wani gari da a ke kira Atessa, cikin kwarin kogin Sangro a lardin Abruzzo, can gefen gabashin Italiya. Aka fara fid da mota a 1981.

Mota ɗaya ce take fitowa daga ƙofar nan, amma suna biyar aka raɗa mata. Wadda Fiat zai sayar, Ducato. Ta Peugeot, J5. Ta Citroën, C25. A cikin Italiya an sayad da waɗansu da sunan Alfa Romeo AR6, a Ingila kuma Talbot Express.

Bari mu ɗan ratse kan sunan Ducato, domin ya ba mu sha'awa. Sunan tsohon kuɗi ne na zinariya, wanda birnin Venis ya fara bugawa a 1284, fatake suka yi ta ciniki da shi ɗaruruwan shekaru a bakin Bahar Rum. Fiat ya mai da wannan al'ada, yana sa wa motocinsa na kaya sunayen kuɗin dā: akwai Scudo, akwai Talento, akwai Doblò, akwai kuma Fiorino. Wannan na ƙarshe kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Daga sunansa ne Ingilishi suka samo sunan kuɗinsu na sule biyu, wanda kakanninmu suka sani da fataka, suka ƙulla shi cikin lalita a hanyar goro. Ashe mai sa sunan ya san abin da ya sa a ke sayen motar.

Talbot kuma labarinsa na ban tausayi ne. Peugeot ya sayi ma'aikatun Chrysler na Turai a 1978, ya tono tsohon sunan Talbot ya liƙa musu, amma ciniki bai yi albarka ba, har aka daina ƙananan motocin kafin shekarun 1980 su ƙare. Motar kayan nan ita ce ta ƙarshe da ta ɗauki sunan, har 1994. Ba safai mu ke ganinta nan ba, domin sitiyarinta a dama yake irin na Ingila, mu kuwa tun Agusta 1974 muka koma bin hannun dama.

Ga yadda ƙirarta take. Injin a gicciye yake a gaba, ƙafafun gaba ne ke ja, babu farfela da ta bi ta ƙarƙashi zuwa baya. Wannan ya sa daɓenta ya yi ƙasa ƙwarai, mai dako ba ya wahala wajen ɗora buhu, cikinta kuwa kamar ɗaki. A ta farkon har safaya taya ma a ƙarƙashin bonet aka ajiye ta, bisa inji, don kada ta ci wurin kaya. Turawa masu gina ɗakin kwana cikin mota don yawon hutu sun so ta saboda wannan faɗi. Amma fa abin da ya zama alheri a kwaltar Turai yana da nasa aibi a hanyarmu. In an labta kaya a baya fiye da kima, gaba ya yi sauƙi, aka zo hawa cikin taɓon damina, sai ka ga ƙafafun gaba suna juyawa a banza. Muna jin wannan yana cikin dalilan da suka sa masu trotro suka fi jingina ga Benz 207 da Sprinter, waɗanda ƙafafun baya ke tura su. Tsatsa kuma ta ci na farkon ƙwarai, balle waɗanda suka yi shekaru a ƙasashen da a ke zuba gishiri bisa titi lokacin ƙanƙara.

Waɗanda suka taɓa zuwa Kano ko Ikko sun san yadda J5 ta zauna daram a Nijeriya, tana jigilar tumatir da albasa da tattasai daga Arewa zuwa Kudu, har sunan ya zama kamar sunan sana'a. Akwai dalili. Injin fetur mai lita 2 da ke cikinta ɗan gidan injin Peugeot 504 ne, ita kuwa 504 an yi ta haɗa ta a ma'aikatar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Saboda haka ko a ƙauye motar ta tsaya, makanikin wurin ya san cikinta, kayan gyara kuma ba su da nisa.

To, jama'a, a nan ne gizo ke saƙar. Masu cewa motocin nan daban-daban ne sun yi kuskure, amma masu cewa duk ɗaya ne su ma ba su faɗi daidai ba, kuma kuskurensu ya fi tsada. Jiki ɗaya ne: ƙofa, gilashi, rufi, daɓe, yawancin kayan ƙafa da na burki. Bambancin waje bai wuce tambari da ragar gaba ba, wani lokaci da fitila. Inji kuwa kowane kamfani ya so ya sa nasa, musamman na dizal. A cikin J5 da C25 an sa injin dizal na Citroën mai lita 2.5, irin na motar CX. A cikin Ducato kuwa Fiat ya sa injin Sofim, wanda a ke ƙerawa a garin Foggia, shi ma wajen lita 2.5, ɗan'uwan wanda ke cikin Iveco Daily. Girma ɗaya, amma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba. Mai Citroën da ya fasa gilashi, ya tafi Abossey Okai a Ankara ko Magazin ta Suame a Kumasi, aka ce masa babu, in ya nemi na Ducato na wannan zamani ya samu. Amma in famfon mai ne ko gasket, ya sayi na Ducato bisa zancen wai duk ɗaya ne, to ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma yi asarar kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi ba.

An gyara fuskar motar a 1990. A 1994 aka fito da sabuwa ɗungum, sunaye suka sake: Fiat ya riƙe Ducato, Peugeot ya ce Boxer, Citroën ya ce Jumper, amma a Ingila Relay. Ta uku ta fito a 2006, aka sake mata fuska a 2014, ita ce kuma yawanci yaranmu ke aikowa. A cikinta ma labarin bai sake ba. Injin da Fiat ya fi sa wa tasa shi ne mai lita 2.3, na gidan Foggia, wanda ke tafiya da bel. Boxer da Jumper na 2006 zuwa wajen 2016 kuwa yawancinsu injin lita 2.2 ne mai sarƙa, wanda Peugeot ya yi tarayya da Ford a kansa, har ya zama ɗan'uwan injin Ford Transit. Watau mota mai sunan Faransa, haifaffiyar Italiya, tana iya samun magani wurin mai sai da kayan Ford. Bel ɗin nan na lita 2.3 kuwa ba a wasa da lokacin sake shi, gama in ya tsinke a guje, kan injin ne zai tafi.

Daga nan sunaye suka yi ta ƙaruwa yadda kamfanoni ke haɗiye juna. Fiat ya shiga cikin Chrysler na Amurka a 2009, sai a 2013 aka fara ƙera motar a Saltillo ta ƙasar Meziko, a ke sayad da ita a Amurka da sunan Ram ProMaster, aka sa mata babban injin fetur mai silinda 6, lita 3.6. Wanda ɗansa ke New York ya aiko masa da ita, ya sani jikin Ducato ne, amma shan manta ba na Ducato ba ne. Peugeot ya sayi Opel da Vauxhall a 2017. A Janairu 2021 kuma gidan Fiat da gidan Peugeot, waɗanda suka yi shekara arba'in da ɗoriya suna raba ma'aikata ɗaya, suka narke suka zama kamfani guda mai suna Stellantis. A 2022 aka ƙidaya mota miliyan 7 da suka fita daga Atessa tun farawa. A 2024 har Toyota na Japan ya karɓi motar ya liƙa mata suna Proace Max. Masu rantsuwa da Toyota su lura da wannan.

Akwai wani tarko da ya fi duka, shi ne Opel Movano. Daga 1998 har 2021, motar da ke ɗauke da wannan suna Renault Master ce aka sake wa tambari, jikinta ba na Ducato ba ne. Daga 2021 sai aka ɗauke sunan aka ɗora wa motar Atessa. Mutum biyu za su iya cewa kowa Movano gare shi, alhali ko ƙofa ɗaya ba za ta shiga ta ɗayan ba.

Mu da aikinmu takarda ne, ga abin da muke roƙon iyayenmu da 'yan'uwanmu. Kowace mota tana da lambar shasi, haruffa da alƙaluma 17, tana cikin takardun kwastan, an kuma buga ta a jikin motar. Ukun farko su ke nuna kamfanin da ya ɗauki motar: ZFA na Fiat ne, VF3 na Peugeot, VF7 na Citroën, ta Meziko kuwa da 3 ta ke farawa. Ku lura, Boxer tana ɗauke da VF na Faransa ko da yake a Italiya aka haɗa ta, don haka kada dillali ya ƙara muku ko kwabo da zancen wai ƙirar Faransa ce. In yaro ya yi waya ya ce ya ga mota zai saya, kada a tsaya kan sunanta. A ce ya karanto shekarar da aka ƙera ta, da girman injin, da lambar da ke jikin injin kansa, domin sau da yawa motar da ta tsufa an riga an sake mata inji a can, takarda na faɗin wani abu, bonet na ɓoye wani. A rubuta su a takarda, a kai wa makanike, wanda mu nan mu ke kira fita, a tambaye shi ko ya taɓa buɗe irin wannan inji, kuma ko kayansa na kasuwa. Sa'an nan a ce wa yaro ya biya. Takardar nan kuma a ajiye ta cikin motar, direba ya riƙa tafiya da ita duk ran da aka aike shi sayen kayan gyara.