Ɗan Makaranta Mai Son Likitanci

Wani uba ya iske mu a ofis, ya ce ɗansa likita ya ke so ya zama, ya duƙufa kan ilmin halittu, ya yi watsi da kemistiri da fizikis, wai ba hanyarsa ba ce. Muka ce ya ja masa kunne tun da wuri.

Ku dubi amosanin jini, wanda ba mu rasa shi a gidajenmu. Likitoci sun daɗe suna ganin ƙwayoyin jini sun lanƙwashe kamar lauje, ba su san dalili ba. Sai a 1949 Linus Pauling, masanin kemistiri a Amurka, da abokan aikinsa suka sakar wa sinadarin jan jini lantarki, suka ga na mai ciwo tafiyarsa dabam da ta mai lafiya. Nan aka gane inda aibin ya ke. Ko madubin duba jinin ma, ai ilmin haske ne ya haife shi.

Mu dai bulala ta sa muka haddace su, ba wanda ya gaya mana wannan. Uban ya ce zai turo mana yaron ran Asabar da littattafansa.