Samarwa da Sarrafawa: Rogon Wagini Ya Ishe Mu Misali

Akwai kalmomi biyu na ilimin tattalin arziki waɗanda masu fassara daga Turanci suka saba cakuɗawa, har mai sauraro ya ɗauka ma'anarsu ɗaya ce. Su ne samarwa da sarrafawa. A ganina wajibi ne mu ɗaliban Hausa mu raba su, domin rikicin ya wuce batun harshe, ya taɓa aljihun talaka.

Samarwa ita ce uwa. Duk aikin da ya fito da abin amfani ya shiga cikinta, ko noma ne, ko kiwo, ko su, ko haƙar ma'adinai. Sarrafawa kuwa reshe ne guda daga cikinta, watau a ɗauki ɗanyen abu a sake masa kama, da hannu ko da inji, yadda darajarsa za ta ƙaru. Ashe ke nan kowane mai sarrafawa mai samarwa ne, amma ba kowane mai samarwa ne ke sarrafawa ba.

Mu ɗauki manomin Wagini a ƙasar Batsari, wadda ta yi suna wajen noman rogo. In ya tone rogonsa, lalle ya samar. Sai dai ɗanyen rogo ba ya wuce kwana biyu ko uku sai ya fara lalacewa, saboda haka dole ya sayar a kan kuɗin da ɗan kasuwa ya taya. Wanda ya mai da shi gari ko alabo ko sitaci, shi ne ya sarrafa, kuma yana iya ajiye kayansa wata da watanni har kasuwa ta yi kyau. Haka nan matar da ta matse gyaɗa ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli, ita ma mai sarrafawa ce, ko da ba ta da inji.

Tarihi ma ya ba mu darasi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomanmu sun tara dalar gyaɗa, amma yawancinta sai aka kai Turai, can aka matse ta aka ci ribar. Ga kuma Nijeriya, babu ƙasar da ta kai ta noman rogo a duniya, amma Tailan ce ke kan gaba wajen sayar da sitacinsa a ƙetare.

Saboda haka in hukuma ta yi shelar cewa an samu bunƙasar amfanin gona, ya kamata mai fassara ya zaɓi kalmar da za ta sa manomi ya gane wane ɓangare ne ya bunƙasa, don ya tambaya, ina injin niƙa da na matsa? Ina roƙon malamanmu na fassara su tsayar mana da waɗannan kalmomi biyu a aji, kowace da gurbinta. Allah Ya sa mu dace.